Ciwon suga: Ƴan jakunkunan da ke raba mai shan ƙwaya da mai buƙatar allura

Minti 10 bayan mutum ya kurɓi kunun gyaɗa mai sukari ya bi da ƙosai, wani aiki ya riga ya kankama a cikinsa ba tare da ya sani ba.

Sugan da ke cikin kunun ya fara shiga jini. Can bayan tumbi kuma, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya iya gani sun ji hawansa, sun buɗe ƴan jakunkunan da suka tanada, sun zazzage abin da ke ciki. Abin da suka zazzage shi ne insulin, sinadarin da ke umartar tsoka da kitse da hanta su kwashe suga daga jini su adana.

Idan aikin ya tafi daidai, mutum zai tashi ya kama harkokinsa. Idan ya samu tangarɗa, to shi ne ciwon suga.

Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya. Wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a 2018 ya ce adadin ya kai kashi 5.77 cikin 100 na jama'a, kodayake yankin Arewa maso Yamma ne mafi ƙaranci da kashi 3.

Kashi 3 ɗin nan ma mutane ne masu yawa. Su ne ke bin layin ganin likita a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, da Babban Asibitin Kawo. Kuma tambayoyin da ke damunsu kusan iri ɗaya ne. Me ya sa maƙwabcina ƙwaya yake sha, ni kuma aka ce sai allura? Ta yaya wane ya daina allura bayan ya sha jiƙo, ya kuma zauna lafiya? Me ya sa wanda bai taɓa tsallake maganinsa ba ya yanke jiki ya faɗi da la'asar cikin azumi?

Amsar duka ukun tana cikin waɗannan ƴan jakunkuna.

Tashar lodi a cikin jiki

Sashen jikin da ke yin insulin shi ne fankiriyas, wani dogon nama da ke kwance a bayan tumbi. Wasu kan kira shi saifa, alhali saifa daban take, aikinta ma daban.

Yawancin fankiriyas ruwan narkar da abinci yake yi, yana tura shi cikin hanji. Amma a shekarar 1869 wani ɗalibin likitanci a Balin mai suna Paul Langerhans ya lura da wasu ƴan dunƙule-dunƙule warwatse a cikinsa, kamar tsibirai a tsakiyar kogi. Yawansu ya kai kimanin miliyan 1 a jikin baligi, amma duka ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin fankiriyas ba. A cikin tsibiran nan ne ƙwayoyin da ake kira beta suke, kuma su kaɗai ke yin insulin a jikin mutum gaba ɗaya.

Wanda ya taɓa aika saƙo daga tashar Kawo zai gane yadda ƙwayar beta ke aiki. Ba a jefa kaya cikin mota haka kawai. Sai an ɗaure, an rubuta suna da garin da za shi, an kai wa motar da ta dace, sannan direba ya jira lokacin tashi.

Haka abin yake a cikin ƙwayar. A wani sashe mai kama da masaƙa ake haɗa insulin, yana fitowa a matsayin dogon zare guda da bai fara aiki ba. Daga nan a wuce da shi sashen da ake kira Golgi, sunan likitan Italiya da ya gano shi a 1898. Nan ne wurin tantancewa da ɗauri. Ana zuba zaren cikin ƴar jaka mai bangon kitse, a tsuke bakinta, ta ɓalle ta kama hanya.

A cikin jakar ne ake ƙarasa aiki. Wasu sinadarai masu aikin almakashi suna yanke tsakiyar zaren, abin da ya rage ya zama insulin na gaske, ya dunƙule shida-shida tare da sinadarin zinki. Guntun da aka yanke, wanda ake kira Si-feftaid, ba a jefar da shi. Yana zaune cikin jakar har ranar fita.

Ƙwayar beta guda tana riƙe da jakunkuna kimanin 10,000. Ƙanƙantarsu ta kai a jera wajen 3,000 kafin a cika milimita ɗaya. Masana kimiyya na kiransu besikul.

Wanda ya fara bin sawun wannan tafiya shi ne George Palade, haifaffen Romaniya da ya yi aiki a Amurka. Ya yi wa kayan haɗin furotin alama, ya riƙa duba inda suka kai minti bayan minti a ƙwayoyin fankiriyas, daga masaƙa zuwa Golgi zuwa jaka zuwa waje. Ya samu kyautar Nobel a 1974. Daga baya aka tabbatar hanyar nan ce jiki ke bi wajen fitar da abubuwa da dama: sinadaran yawu, furotin ɗin nonon uwa, da saƙon da jijiya ke miƙa wa tsoka kafin mutum ya ɗaga yatsa.

Wa ke ba da izinin tashi?

Tara kaya ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce sakinsu a daidai lokaci, a daidai adadi. Insulin ya yi kaɗan, suga ya taru ya ci idanu da ƙoda da ƙafafu a hankali. Ya yi yawa, suga ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa abinci, mutum ya suma cikin ɗan lokaci.

Ga yadda ƙwayar beta ke auna abin. Idan suga ya ƙaru a jini, yana shiga cikinta, ta ƙona shi ta samu kuzari. Kuzarin nan yana rufe wasu ƴan ƙofofi da ke bangonta, waɗanda sinadarin fotasiyam ke fita ta cikinsu. Rufewarsu na sauya yanayin lantarkin bangon, sai wasu ƙofofin daban su buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki. Shigowar kalsiyam ita ce busar tashi. Jakunkunan da ke jingine da bango sai su manne da shi, bangonsu ya haɗe da nasa, baki ya buɗe ta waje, insulin ya fita.

Frances Ashcroft ta Jami'ar Oksfod ce ta nuna a 1984 cewa suga ne ke rufe ƙofar fotasiyam ɗin. Yadda jaka ke gane inda za ta tsaya ta kuma haɗe da bango kuwa, mutum uku ne suka raba kyautar Nobel ta 2013 a kansa. Randy Schekman ya yi amfani da yis, irin wanda masu burodi ke kwaɓa fulawa da shi, ya ware ƙwayoyin gado 23 waɗanda idan ɗaya ya lalace jakunkuna kan yi cunkoso cikin ƙwayar, kamar motoci a shataletalen da ya toshe. James Rothman ya gano furotin ɗin da ke jikin jaka da na jikin bango, masu sarƙewa da juna kamar haƙoran zif. Thomas Südhof kuma ya gano sinadarin da ke jin shigowar kalsiyam ya ja zif ɗin.

Akwai wata cuta da iyaye mata a Arewa suka sani wadda a kan zif ɗin nan take ɓarnarta. Dafin tetanus, cutar sarƙewar haƙora da ke kama jariri ta cibiya idan an yanke ta da reza marar tsabta, yana datse ɗaya daga cikin haƙoran zif ɗin a jijiyoyin da aikinsu shi ne ce wa tsoka ta saki. Saƙon ba ya fita, sai jiki ya sandare. Masu bincike a Jami'ar Faduwa ta Italiya ne suka nuna haka a 1992.

A jikin mai lafiya, insulin na fita ne hawa biyu. Hawan farko na gaggawa ne, cikin kimanin minti 10, daga ƴan jakunkunan da suka riga suka yi layi a bakin bango. Na biyu a hankali yake zuwa, yana iya ɗaukar sa'o'i, yayin da ake jawo na can ciki. Hawan farkon nan shi ne ke fara ɓacewa a ciwon suga nau'i na biyu, sau da yawa shekaru kafin mutum ya ji wani sauyi. Shi ya sa wani kan auna da safe kafin karin kumallo ya ga lamba mai kyau, amma bayan tuwo sugansa ya yi sama ya daɗe bai sauko ba.

Ƙwaya ko allura

A nau'i na biyu, wanda shi ne na yawancin manya, ƙwayoyin beta suna nan da ransu. Matsalar biyu ce: jiki ya daina jin umarnin insulin sosai, musamman idan akwai ƙiba da rashin motsi, su kuma ƙwayoyin beta sun gaji da ninka aiki. Tun da akwai jakunkuna, ƙwaya na iya taimakawa. Metformin yana rage sugan da hanta ke zubowa cikin jini. Wasu magungunan kuma ƙwayar beta suke matsa wa ta saki abin da ta tara.

A nau'i na ɗaya labarin ya sha bamban. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta kashe ƙwayoyin beta. Babu masaƙa, babu jaka, babu abin da za a matsa wa. Duk ƙwayar da aka ba irin wannan majiyyaci ƙwanƙwasa ƙofar kangon gida ce. Yara da matasa ya fi kamawa, kuma alamunsa kan zo da sauri: yawan fitsari, ƙishirwa marar yankewa, rama duk da cin abinci, yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, kiyashi na taruwa inda ya tsuguna. Idan abin ya yi nisa sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, waɗanda cikin sauƙi ake ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko taifod, a yi ta ba da maganin da ba shi ba. Digon jini ɗaya daga yatsa ya isa ya raba gardama.

A nan ne guntun da aka yanke ke da amfani. Duk insulin ɗin da jiki ya fitar yana fitowa tare da Si-feftaid ɗinsa, amma na cikin kwalba ba shi da shi. Don haka idan likita ya auna guntun nan a jini, zai san ko jakunkunan mutum na aiki ko sun ƙare, ko da kuwa yana kan allura.

Me ya hana a yi insulin na haɗiya? Furotin ne, kamar nama ko wake. Idan aka haɗiye shi, ruwan ciki da ruwan narkar da abincin da shi kansa fankiriyas ke fitarwa za su farfasa shi kafin ya isa jini. Wannan ya kamata mutum ya tuna idan ya ji mai lasifika a gefen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci yana tallan garin da ya ce insulin ne a cikinsa.

Wanda ya daina allura

Labarin mutumin da ya sha jiƙon shuwaka ko darbejiya ya bar allura ba koyaushe ƙarya ba ne. Abin da ake danganta warakar da shi ne kuskure.

A 1968, Farfesa Babatunde Kwaku Adadevoh, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Legas, kuma mahaifin Dakta Stella Adadevoh da ta tare cutar Ebola a 2014, ya wallafa rahoto kan wasu manyan ƴan Najeriya da ya kira ciwonsu na wucin gadi. Sukan zo asibiti a galabaice kamar masu nau'i na ɗaya, a ɗora su kan insulin, bayan wani lokaci sai a ga ba sa buƙatarsa. Daga baya an ga irin wannan sosai a Afirka ta Yamma da kuma tsakanin baƙaƙen fata a Amurka da Faransa.

Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, suga idan ya yi yawa ƙwarai yana zame wa ƙwayar beta guba, ya dakatar da sakin jakunkuna ba tare da ya kashe ta ba. Allura na sauke sugan, ƙwayar ta huta, bayan makonni ko watanni ta farfaɗo. Idan a daidai wannan lokaci ne wani ɗan'uwa ya kawo jiƙo, to jiƙon ne zai kwashe yabon aikin da allura ta yi.

Haɗarin yana wuri biyu. Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane ciwon kan dawo musu, kuma wanda ya yi imanin ya warke ba ya komawa awo. Mafi muni shi ne a ɗauki labarinsa a kai wa iyayen yaro mai nau'i na ɗaya, wanda ba shi da ƙwayar da za ta farfaɗo. Irin wannan yaro idan aka tsayar masa da allura, kwanaki kaɗan sun isa ya shiga mawuyacin hali.

Wannan ba raina itatuwa ba ne. Shi kansa metformin asalinsa daga wani tsiro ne na Turai. Sai dai har yau babu ganyen da aka tabbatar yana dawo da ƙwayar beta da ta mutu.

Maganin da bai san ana azumi ba

A 1942, a birnin Mamfeliye na Faransa, likita Marcel Janbon yana gwada wani sabon magani a kan masu taifod sai ya ga wasunsu na suma, wasu ma sun mutu, saboda faɗuwar suga. Daga wannan ne aka samo dangin magungunan da glibenclamide yake ciki, wanda mutane da yawa suka fi sani da Daonil. Yana da araha, kuma ba ya wuyar samu a kemis.

Aikinsa shi ne rufe ƙofar fotasiyam da kansa, ba tare da jiran suga ba. Wato yana busa usur ɗin tashi ko akwai fasinja ko babu. Ga wanda zai ci abinci sau uku, wannan taimako ne. Ga wanda ya sha shi da sahur, ya wuni a rana a Fanteka ko a kan babur cikin zafin Maris, jakunkuna za su yi ta buɗewa alhali babu abin da ke shigowa. Kuma glibenclamide yana daɗewa a jiki, musamman ga tsofaffi da masu raunin ƙoda.

Wani babban nazari da aka yi kan masu ciwon suga sama da 12,000 a ƙasashe 13, aka wallafa a 2004, ya gano cewa kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar suga ta ninka sau 7.5 a tsakaninsu cikin watan.

Ƙa'idojin da IDF ta fitar tare da ƙawancen likitoci masu nazarin ciwon suga da Ramadan sun ba da shawarar a kauce wa glibenclamide lokacin azumi, a koma ga ƴan'uwansa irin su gliclazide da ba su kai shi haɗari ba, kuma a ga likita mako 6 zuwa 8 kafin ganin wata. Sun ce a karya azumi idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ko aka ji rawar jiki da gumi mai sanyi da bugun zuciya da ruɗewa. Malaman da aka tuntuɓa wajen tsara ƙa'idojin sun tabbatar cewa tsira yatsa don awo ba ya karya azumi.

Sauya magani ko lokacin shansa aikin likita ne. Abin takaici shi ne yadda mutane da yawa ke ci gaba da sayen maganin da aka rubuta musu shekaru da suka wuce da tsohon kwalinsa, ba tare da wani ya taɓa tambayarsu ko suna azumi ba.

Daga yis zuwa randa

An fara ceto rai da insulin a Janairun 1922 a Toronto ta Kanada, inda aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar abin da Frederick Banting da abokan aikinsa suka tato. Shekaru 60 bayan nan daga fankiriyas ɗin shanu da aladu ake samo shi. Masu ƙyamar allura saboda wannan dalili su kwantar da hankali: tun 1982 aka fara sayar da wanda ƙananan halittu ke yi bayan an dasa musu ƙwayar gadon insulin ta ɗan Adam, kuma shi ne ya mamaye kasuwa a yau. Kamfanin Novo Nordisk na Denmak da yis yake yin nasa, ta hanyar jakunkunan nan da Schekman ya yi nazari a kai.

Najeriya daga waje take shigo da insulin, don haka faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023 ta taɓa shi kai tsaye. A Nuwamban shekarar, kamfanin Sanofi, mai yin Lantus, ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa da kansa a ƙasar ya miƙa wa dillali. Idan kuɗi ya yi wuya, abin da majiyyaci kan yi shi ne rage adadin da yake yi don kwalba ta kai ƙarshen wata, kuma jiki ne ke biyan bambancin.

Sai batun ajiya. Insulin ɗin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki babu wuta, firji ya zama akwati a gidaje da dama a Unguwar Rimi da Malali da Badarawa kamar ko'ina.

Akwai ɗan sauƙi a nan. A wani nazari da aka wallafa a 2021, ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun auna zafin ɗakuna a sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda yake kai-komo tsakanin digiri 25 da 37, suka maimaita yanayin a ɗakin gwaji. Sun tarar insulin ɗin da ake amfani da shi ya riƙe ƙarfinsa tsawon mako 4, daidai da wanda ke firji. Sharaɗin shi ne zafin ya riƙa sauka da dare, kada ya tsaya a sama.

Dabarar rage zafin kuwa ta gida ce. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cike tsakaninsu da yashi mai danshi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa. Ta fi aiki da rani da hunturu, lokacin da iska ta bushe, ƙarfinta na raguwa da damina. Kwalbar a sa ta cikin leda ko ƴar roba don kada ruwa ya goge rubutunta, a kuma rubuta ranar da aka buɗe ta.

Abin da insulin ba ya jurewa shi ne rana kai tsaye, da cikin motar da aka rufe, da daskarewa. Kwalbar da aka jingina da ƙanƙara a kula har ta daskare ta tashi aiki, ko da ta narke ta koma kamar yadda take.